John Foster Dulles: Lauyan manyan kamfanoni da ya riƙe harkokin wajen Amurka

Duk ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa turawa taron Bankin Duniya a birnin Washington, da wuya a ce bai sauka a filin jirgin sama na Dulles ba. Sunan yana jikin tikiti, yana jikin takardar da ake liƙa wa akwati, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar ko wane ne mai shi ba. Mai sunan shi ne John Foster Dulles, Sakataren Harkokin Wajen Amurka daga 1953 zuwa 1959. Kafin ya hau wannan kujera ya shafe shekara 38 a kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell da ke New York, fiye da 20 daga ciki shi ne shugaba. Shekaru shidan da ya yi a gwamnati su duniya ta fi sani, amma a waɗancan 38 ɗin ne ya koyi kallon ƙasashe da idon mai bin bashi da mai tsaron dukiyar attajirai, kuma da wannan idon ya shiga ofis.

An haife shi a ranar 25 ga Fabrairun 1888 a Washington, ya tashi a garin Watertown na Jihar New York, inda mahaifinsa yake limamin coci. Gidan uba gidan ibada ne da karatu, babu wata dukiya ta a zo a gani. Dangin uwa kuwa masu mulki ne. Kakansa, John W. Foster, ya riƙe muƙamin Sakataren Harkokin Waje daga 1892 zuwa 1893, sannan mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa, Robert Lansing, ya riƙe shi daga 1915 zuwa 1920. Yana ɗan shekara 19 kakan ya tafi da shi taron zaman lafiya na birnin Hague a 1907, a matsayin magatakardan tawagar ƙasar Sin. Ya kammala Jami'ar Princeton a 1908, ya yi shekara guda a Paris, ya dawo ya karanci aikin lauya a Jami'ar George Washington.

Duk da wannan gata, da ya nemi aiki a Sullivan & Cromwell ba a yi rawar jiki a kansa ba, domin makarantar da ya yi ba ta cikin waɗanda kamfanin ke ɗiban yaransa. Sai da kakan ya sa baki, kasancewar ya taɓa aiki da marigayi Sullivan a ƙuruciyarsa. A 1911 aka ɗauke shi akawu a kan Dala 12 da rabi a mako.

Gidan da ya shiga

An kafa kamfanin a 1879, shekarar da Christopher Sapara Williams ya zama ɗan Najeriya na farko da ya samu shaidar aikin lauya a Ingila. Mutum biyu suka kafa shi: Algernon Sydney Sullivan, dattijo mai suna a kotunan New York, da William Nelson Cromwell, yaron da ya fara da riƙe masa littafin lissafi kafin ya karanci shari'a. Sullivan ya rasu a 1887, ragama ta koma hannun Cromwell, kuma shi ne ya sauya wa sana'ar fuska. Lauyan da aka sani a da shi ne mai tsayawa gaban alƙali bayan rigima ta ɓarke. Cromwell ya gane cewa kuɗin yana can baya, a ɗakin da ake rubuta yarjejeniya, ake haɗe kamfanoni, ake sasanta wanda ya karye da masu binsa bashi. Ya ƙware wajen ta da komaɗar kamfanonin da suka durƙushe har aka yi masa laƙabi da likitan Wall Street, wato titin da manyan bankunan Amurka suke. Kamfanin ya yi aiki a kan harkokin wutar lantarki na Thomas Edison tun farkon shekarun 1880, kuma yana cikin waɗanda suka tsara kafa kamfanin ƙarafa na U.S. Steel a 1901, kamfani na farko a duniya da jarinsa ya haura Dala biliyan ɗaya.

Aikin da ya fi fito da sunan Cromwell shi ne na mashigin ruwan Panama. Faransawa ne suka fara haƙa shi a 1881, zazzaɓi ya kashe musu dubban leburori, kamfaninsu ya karye a 1889. Sabon kamfanin da ya gaji kangon ya ɗauki Cromwell a 1896 don ya samo masa mai saye. Matsalar ita ce 'yan majalisar Amurka sun fi karkata ga haƙa nasu mashigin a Nicaragua, wanda da an yi haka da kayan Faransawa sun tashi a tutar babu. Cromwell ya tare a Washington yana bin sanatoci ɗaya bayan ɗaya, har a Yunin 1902 Majalisar Dattawa ta zaɓi Panama, aka amince a sayi kadarorin Faransawa a kan Dala miliyan 40. A lokacin Panama lardi ce a cikin ƙasar Kolombiya. Da majalisar Kolombiya ta yi watsi da yarjejeniyar a Agustan 1903, sai lardin ya ɓalle a ranar 3 ga Nuwamba. Sojojin da aka turo don murƙushe tawayen sun sauka a tashar ruwa ta Colon, suka nemi jirgin ƙasa ya kai su birnin Panama, hukumomin jirgin suka yi ta ja musu rai har aikin gama ya gama. Lauyan wannan kamfani na jirgin ƙasa kuwa Cromwell ne. Cikin kwana uku Amurka ta amince da sabuwar ƙasar. Daga baya ya miƙa wa Faransawa lissafin ladansa na Dala dubu 800, suka ta da jijiyar wuya, masu sasanci suka zaftare shi zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Wannan ita ce makarantar da Dulles ya shiga, kuma bai ɓata lokaci ba. An riƙa tura shi ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu a madadin 'yan kasuwa da bankuna. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, maganin kinin da aka ɗura masa ya taɓa masa jijiyar ido, ya bar shi da ƙyaftawar da ta bi shi har kabari. Raunin idon ne ya hana shi zuwa fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka ba shi aiki a hukumar kula da cinikayya ta lokacin yaƙi.

Bashin Jamus

A 1919 ya bi tawagar Amurka zuwa taron sulhu na Paris a matsayin lauya kan batun diyyar yaƙi. Faransa da Ingila suna son a tatsi Jamus har ƙashi. Dulles yana cikin masu ganin cewa idan aka ɗora wa wanda ake bi abin da ya fi ƙarfinsa, mai bi ne zai tashi a banza. Don a raba gardama, shi da wani abokin aikinsa suka tsara sashe na 231 na yarjejeniyar Versailles, wanda ya ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar yaƙin, sashen da ke biye kuma ya taƙaita abin da za ta biya a zahiri. A wurin lauya dabara ce mai kyau. A wurin Jamusawa cin mutunci ne, kuma da wannan sashe Hitler ya yi ta zuga jama'a shekaru bayan haka.

Ya dawo New York da suna. A 1920 ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, a 1926 ya zama shugaba yana ɗan shekara 38, kuma a shekarar ce ƙanensa Allen ya bar aikin jakadanci ya shigo kamfanin. Babbar kasuwar wancan zamani ita ce bai wa Jamus rance. Bayan shirin Dawes na 1924, bankunan Amurka suna ranta wa Jamus kuɗi, Jamus ta biya Ingila da Faransa diyya, su kuma su biya Amurka bashin yaƙi. Kuɗi ɗaya ne ke kewayawa, kuma a kowane kewaye sai an rubuta takarda, sai an biya lauya. Sullivan & Cromwell ya tsara takardun lamuni masu ɗimbin yawa na birane da masana'antun Jamus, waɗanda aka sayar wa talakawan Amurka masu neman inda za su adana guminsu. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, Hitler kuma ya hau mulki a 1933, Jamus ta fara ƙin biya. Dulles ɗin da ya tsara bashin shi ne ya koma Berlin yana wakiltar waɗanda kuɗinsu ya maƙale. Lauya ya ci a shiga, ya ci a fita.

A nan tabon farko yake. Yana cikin daraktocin kamfanin International Nickel, wanda ke da yarjejeniyar kasuwanci da babban kamfanin sinadarai na Jamus, I.G. Farben, kuma ya ci gaba da zirga-zirga zuwa Berlin a lokacin da ake korar Yahudawa daga ayyukansu. A 1935 abokan aikinsa, har da ƙanensa Allen, suka tsaya kai da fata sai an rufe ofishin kamfanin da ke Berlin. Ya yi ta ja, yana kawo hujjar asarar da za a yi, daga ƙarshe ya ga ba shi da mai goya masa baya, ya sallama. Babu wata hujja da ta nuna cewa yana ƙaunar aƙidar 'yan Nazi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ya daɗe yana kallon lamarin a matsayin matsalar bashi da ciniki bayan kowa ya ga abin ya wuce nan.

Daga ƙarshen shekarun 1930 ya koma ga addinin mahaifinsa da ƙarfi. Ya shugabanci wani kwamitin majami'un Amurka kan yadda za a gina zaman lafiya bayan yaƙi, ya halarci taron San Francisco na 1945 da ya haifi Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zama mai bai wa Thomas Dewey shawara a takarar shugabancin ƙasa ta 1944 da 1948. Ya bar kamfanin a 1949 da aka naɗa shi sanata, ya faɗi zaɓen cike gurbi bayan wata huɗu. Aikin da ko abokan gabarsa suke yaba masa shi ne yarjejeniyar sulhu da Japan ta 1951, inda ya dage kada a maimaita kuskuren da aka yi wa Jamus. A farkon 1953 Shugaba Eisenhower ya ba shi harkokin waje, ya ba Allen hukumar leƙen asiri ta CIA. Wa da ƙane, 'yan ɗaki ɗaya, tsofaffin lauyoyin kamfani ɗaya: ɗaya yana riƙe da abin da Amurka ke faɗa a fili, ɗaya da abin da take yi a ɓoye.

Gonakin ayaba

Cikin wata bakwai suka haɗa kai da Ingila aka kifar da Firaministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, wanda ya mayar da man ƙasarsa hannun gwamnati a 1951. Da aka sake rabon man a 1954, kamfanonin Amurka suka samu kashi 40 cikin 100. Amma inda tsohon aikinsa na lauya da sabon aikinsa na minista suka fi cuɗanya shi ne Guatemala.

Kamfanin United Fruit, mai noma da fataucin ayaba, ya daɗe cikin waɗanda Sullivan & Cromwell ke yi wa aiki, haka ma kamfanin jirgin ƙasan Guatemala da ke ƙarƙashin ikonsa. United Fruit yana da fili wajen eka dubu 550 a ƙasar, amma abin da yake nomawa bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Layin dogo a hannunsa yake, tashar ruwa ta Puerto Barrios a hannunsa take, jiragen da ke fita da kaya nasa ne. Manomin rake a Makarfi ko Kudan, ko mai tumatir a Ikara, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke faruwa da farashi idan mai saye da mai mota da mai rumbu duk mutum ɗaya ne.

Shugaba Jacobo Arbenz, wanda aka zaɓa a 1950, ya kafa doka a 1952 cewa gwamnati za ta karɓi manyan filayen da aka bari ba noma, ta raba wa marasa gona, ta biya masu su diyya. Dokar ta ci har gonar shi kansa shugaban. Ma'aunin diyyar kuwa shi ne darajar da mai filin ya rubuta da hannunsa a takardar haraji. To a nan gizo ke saƙar. Shekara da shekaru United Fruit yana rage darajar filayensa don ya biya haraji kaɗan. A kan kashin farko da aka karɓa, gwamnati ta ce za ta biya Dala dubu 627 da 'yan kai, daidai da abin da ke rubuce. A Afrilun 1954 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, a madadin kamfanin, ta miƙa lissafin kusan Dala miliyan 16. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rage kuɗin kayansa a takardar kwastan, sannan kayan suka salwanta ya zo neman a biya shi, ya san wannan tsaka mai wuya. Bambancin kawai shi ba shi da ministan da zai shigar masa da ƙara.

A Maris na shekarar Dulles ya je taron ƙasashen nahiyar Amurka a Caracas, ya matsa har aka zartar da ƙudurin da ya ɗauki kwaminisanci a matsayin barazana ga yankin baki ɗaya. A Yuni wasu 'yan ɗaruruwan mayaƙa da CIA ta horar, ƙarƙashin Kanar Castillo Armas, suka ƙetaro daga Honduras, jirage suna ruwan bama-bamai, gidan rediyon bogi yana baza labarin cewa babbar runduna na tafe. Hafsoshin soja suka juya wa Arbenz baya, ya sauka a ranar 27 ga Yuni. Sabuwar gwamnati ta mayar wa kamfanin filayensa. Daga 1960 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa na shekara 36, wanda hukumar binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ƙiyasta ya ci rai wajen dubu 200.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Masana tarihi da dama suna ganin tsoron Tarayyar Sobiyat ne ya fi tunzura Dulles, ba ayaba ba. Akwai 'yan kwaminis a kusa da Arbenz, kuma a Mayun 1954 jirgin ruwa ya sauke masa makamai daga Chekoslobakiya. Haka kuma, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin, gwamnatin Eisenhower ɗin nan ta maka United Fruit a kotu kan babakere a kasuwa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba lallai sai an ba mutum cin hanci ba kafin ya karkata. Wanda ya yi shekara 38 yana kare kadarorin Amurkawa a ƙasashen waje, duk shugaban da ya taɓa irin wannan kadara zai yi masa kama da ɗan kwaminis tun kafin a kawo masa rahoto.

Ya kafa ƙawancen soja a Kudu maso Gabashin Asiya a 1954, ya goyi bayan na Bagadaza a 1955, ya yi ta gargaɗin cewa Amurka za ta mayar da martani da makaman ƙare dangi. Ƙasashen da suka zaɓi zama 'yan ba-ruwanmu kuwa, a fili ya nuna yana ganin matsayinsu rashin ɗa'a ne. Wannan ne ya haɗa shi da Jamal Abdul Nasir na Masar. A ƙarshen 1955 Amurka da Ingila da Bankin Duniya sun yi tayin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan a kan Kogin Nilu, rabon Amurka a zangon farko Dala miliyan 56. Nasir ya sayi makamai daga Chekoslobakiya, ya kuma amince da gwamnatin kwaminis ta Sin. A cikin gida, sanatocin jihohin da ke noman auduga ba sa son a ba Masar ruwan da za ta ƙara noma abin da zai karya musu kasuwa. (Dattawan ƙasar Zazzau da suka ga zamanin auduga sun san cewa tun asali ba a bakin gona ake yanke mata farashi ba.) A ranar 19 ga Yulin 1956 Dulles ya kira jakadan Masar ya shaida masa an janye tayin, kamar yadda manajan banki ke sallamar wanda bai cika sharaɗi ba. Bayan mako guda Nasir ya ƙwace mashigin Suwez. A ƙarshen Oktoba Isra'ila da Ingila da Faransa suka auka wa Masar, kuma abin mamaki, Dulles ne ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman a tsagaita wuta, a kan manyan ƙawayen ƙasarsa. Kwana biyu bayan haka aka kwantar da shi asibiti, aka yi masa tiyata, aka gano ciwon daji a hanjinsa. Madatsar kuwa Tarayyar Sobiyat ce ta ba da kuɗin, aka kammala ta a 1970.

Irin wannan sana'a ta makara kafin ta iso gare mu. Sai a 1948, shekarar da Cromwell ya rasu, aka buɗe kamfanin lauyoyi na farko mallakar 'yan ƙasa a Legas, na Bode Thomas da Rotimi Williams da Remi Fani-Kayode. Arewa ba ta samu lauyanta na farko ba sai a 1955, wato Alhaji AbdulGaniyu AbdulRazaq. Amma tasirin ɗakunan rubuta yarjejeniya bai jira mu ba. Takardun lamunin da Najeriya ke sayarwa a kasuwannin Turai tun 2011 irin waɗannan kamfanoni ne ke tsara su. Wata kwangilar iskar gas da aka sa wa hannu a 2010 da kamfanin P&ID ta kusa jawo wa ƙasar nan biyan sama da Dala biliyan 11, sai a Oktoban 2023 wata kotu a Landan ta soke hukuncin bisa dalilin cin hanci. Wannan shari'a ba ta shafi tsohon kamfanin Dulles ba, amma duk darakta ko babban sakataren da ake kawo wa takarda mai shafi ɗari a ce ya sa hannu kafin la'asar, ya kamata ya san cewa waɗanda suka rubuto ta sun fi ƙarni guda suna wannan aiki.

Ciwon ya dawo wa Dulles a farkon 1959. Ya ajiye aiki a ranar 15 ga Afrilu, wata guda bayan Jihar Arewa ta samu mulkin kai, ya rasu a ranar 24 ga Mayu yana da shekara 71, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa, Avery, ya bar cocin gidansu ya koma Katolika, har ya zama Kadinal a 2001. Allen ya rasa kujerarsa a 1961 bayan yunƙurin kifar da Fidel Castro na Cuba ya ci tura. A Nuwamban 1962 Shugaba Kennedy ya buɗe filin jirgin da ke ɗauke da sunan Dulles. Sullivan & Cromwell yana nan a New York da ɗaruruwan lauyoyi da rassa a Turai da Asiya, bankin Goldman Sachs na cikin tsofaffin masu hulɗa da shi. United Fruit ya sauya suna, yanzu Chiquita ake kiransa. Arbenz ya yi ta yawon gudun hijira daga ƙasa zuwa ƙasa har ya rasu a Meziko a 1971, kuma sai a Oktoban 2011 gwamnatin Guatemala ta kira iyalinsa fadar shugaban ƙasa ta nemi gafararsu.